Ranar da Aka Zura Ni Rijiya Saboda Ragon Inna

Shekarun baya, tun gemuna bai fara furfura ba, an taɓa ɗaura mini igiya aka zura ni cikin rijiya mai zurfin gaba tara. Abin da ya tuno mini da labarin shi ne wani bidiyo da aka nuna mana a waya shekaranjiya: wai mutane ne suke tafiya yawon buɗe ido, a ɗaure musu igiyar roba a ƙafa, su faɗo daga kan gada da ka, don nishaɗi kawai. Waɗanda muke zaune tare suka yi ta salati. Ni kuwa na ce ban san daɗin da suke ji ba, amma na san abin da cikin mutum yake yi a daidai lokacin da ƙafarsa ta rabu da ƙasa. Suka ce sai na ba su labari. Ga shi ku ma na ba ku.

Ni mutum ne mai tsoron bisa da zurfi tun ina ƙarami. Ban taɓa hawa mangwaro ba. In ana yaɓen soro a gidanmu, ni ne mai miƙa ƙasa daga ƙasa. Duwatsun Rano ɗin nan da samari suke hawa suna ihu, ni a gindi nake zama ina gadin takalma. Har na girma na fara karantarwa a zaure, ina yi wa mutane bayanin tawakkali da murya mai kauri, amma in na zo wucewa ta bakin rijiya sai na yi kwana.

Shekarar da nake magana, babbar Sallah ta faɗo a farkon bazara, ruwa ya ja baya a rijiyoyi. Mahaifiyata tana da rago. Tun yana ɗan ƙarami ta saye shi, ta yi shekara guda tana ba shi dusa da harawa da ruwan tsari, har in ta fita unguwa binta yake yi kamar kare. Tun da mahaifinmu ya rasu ba a sake layya a gidanmu ba, ita kuwa ba ta taɓa yi da dabbarta ta kanta ba. Wannan ne na farko. Saura kwana biyu Sallah, da hantsi, ragon ya tsinke turke ya bi wata tunkiya a guje zuwa bayan gari, ya taka ruɓaɓɓen itacen da aka rufe gefen tsohuwar rijiyar unguwarmu da shi, ya afka.

Da na isa, ana jin kukansa daga can ƙasa, siriri kamar daga wani gari. Ranar kasuwar Kibiya ce, mazan unguwa duk sun tafi. Waɗanda suka rage su ne wani tsoho da ya yi rayuwarsa yana haƙar rijiya, wanda kowa yake kira Baba, yanzu gwiwoyinsa sun ƙi. Sai wasu manoma biyu 'yan uwan juna, majiya ƙarfi. Sai abokina, direban motar haya, wanda motarsa ta lalace ranar bai fita ba. Shi ya kawo doguwar igiyar da yake ɗaure kaya da ita.

Baba ya leƙa ya daɗe, sannan ya ce, "Yana raye, kuma da alama ya samu tudu ya ɗora ƙafafun gaba. Amma ba zai kai azahar ba. In ya mutu a ciki, an yi asara biyu, ga rago ga ruwan unguwa."

Babban manomin ya fara tuɓe riga. Baba ya ce, "Mayar da rigarka. Ni na haƙa rijiyar nan. A gaba na shida mun tarar da dutse, muka fasa shi da ƙyar, wurin ya tsuke. Kai ko cinyarka ba za ta wuce ba. Siririn mutum ake so."

 Ni dai a lokacin in na tsaya a rana inuwata ba ta fi ta sanda ba. Na duba hagu, na duba dama, na ga kowa ni yake kallo.

Abokina ya ce, "Alaramma, yau dai ramar nan taka ta yi rana."

Na ce ai a shari'a ba a jefa rai cikin halaka saboda dabba. Baba ya ce gaskiya ne, shi ya sa za a fara gwada iskar. Aka kunna fitilar ƙwai aka ɗaura mata igiyar guga aka zura ta a hankali. Ƙa'idarsu ita ce in ta mutu a hanya, iskar ƙasan ta ɓaci, ba mai shiga. Kowa ya leƙa yana addu'a kada ta mutu. Allah Ya gafarta mini, ni kaɗai ne a wurin nake addu'ar ta mutu. Ta je har kan ruwa ta dawo tana ci lafiya lau.

Mahaifiyata tana tsaye nesa kaɗan da mayafinta. Ni ne ɗanta na fari, ba ta kama sunana, ba ta ma cika duban fuskata a gaban mutane ba. Sai na ji ta ce wa Baba, "Malam, a bar shi. Allah bai nufa ba bana." Ta faɗa da murya daidai, amma na ga yadda ta damƙe tsinkakkiyar igiyar turken a hannunta. Da ta ce in shiga, ina jin da na sami ayar da zan fake da ita. Da ta ce a bari, sai na ji bakina ya ce, "Baba, ɗaura mini."

Amma na ce a ba ni minti biyu. Na zaro takarda da biro daga aljihu na tsuguna na rubuta wasiyya da ajami, cikin gaggawa har wasali yana hawa kan wasali. Littattafaina a kai masallaci, alkyabbar mahaifina a ba ƙanena, kekena kuma a ba abokina. Na naɗe na miƙa wa abokin nawa na ce kada ya buɗe sai in ta Allah ta kasance. Na manta tare muka yi makarantar allo.

Baba ya gicciya ƙaton gungume a bakin rijiyar, aka ɗora igiyar a kai. Ya ɗaura guntun itace a ƙarshenta na hau kamar mai hawa jaki, ya sake zagaya ta a ƙarƙashin hammatana ya ƙulle. Ya rataya mini buhu a wuya, ya maƙala mini wuƙa a ƙugu, ya ce in na tarar ragon ba zai kai ba in yanka shi kada ya zama mushe. A ƙarshe ya kifa mini kwanon sha a ka, ya ɗaure da tsumma a haɓa, saboda tsakuwa. Haka malamin unguwa ya tsaya a gaban jama'a, da gajeren wando da kwano a ka.

Na zauna a bakin rijiyar na zura ƙafafu. Sanyi ya bugo ni daga ƙasa, da warin laka. Na juya na rungume gungumen da hannu biyu, jikina yana lilo a sarari. A nan na tsaya. Baba ya ce, "Saki." Na ce to. Ya ce, "Saki mana, ɗana." Na ce to. Wallahi ina ba hannayena umarni, sun ƙi ji. Ba na ganin komai sai ɓawon itacen da wata tururuwa tana wucewa a kai. Addu'o'in da na haddace duk suka gudu, sai bisimilla kawai nake maimaitawa. Baba ya ce, "Mutum uku ne riƙe da kai, amma ba abin da suke riƙewa, nauyinka duk yana hannunka. In ka gaji a haka za ka faɗo musu da ƙarfi. Ba su nauyin tun kana da sauran ƙarfi."

Na ji maganar, na gane ta, amma ban saki ba.

Sai na ji muryar abokina daga baya yana karatu da irin rerawar da ake yi wa waƙoƙin wa'azi: "Kekena kuma a ba abokina..." Ya buɗe takardar da hannu ɗaya, ɗayan yana kan igiya. Ya ce, "Alaramma, ashe keken nawa ne? To kai wane irin mutum ne, ka yi wa mutum wasiyya da keke sannan ka ba shi igiyarka ya riƙe? Jama'a ku shaida, ni hannuna gumi yake yi."

Manoman suka fashe da dariya. Haushi ya kama ni, na ɗago hannu ɗaya ina nuna shi, ina cewa, "Amana ce fa na ba ka, marar kunya!" Hannu ɗaya kuwa ba ya riƙe mutum. Ɗayan ya zame.

Na faɗa. Bai fi kamu biyu ba kafin igiyar ta miƙe, amma a wannan ɗan tsakanin na ji hanjina ya taso har maƙogwaro. Na yi wata ƙara da har yau nake musun ni na yi ta. Igiyar ta cije ni a hammata, na yi sama kaɗan na dawo, na shiga juyawa kamar guga. Sannan na tsaya. Ban mutu ba. Igiyar ta riƙe.

Abokina ya leƙo, kansa ya tare haske, ya ce, "Kana nan, ko in je in ɗauki keken?"

Na ce, "Ina nan! Ku sassauta!" Na ji muryata ta fito da ƙarfin da ban san ina da shi ba.

Suka riƙa saki kaɗan-kaɗan, ina tokare bango da ƙafa kamar yadda Baba yake faɗa mini. A wurin dutsen sai da na ɗaga hannuwa sama na fitar da numfashi kafin na wuce, ya kankare mini fatar kafaɗa. Daga nan sai duhu da sanyi. Ruwan ya kawo mini ƙirji. Ragon yana maƙale a jikin wani tudun dutse, kansa kawai da wuyansa ne a waje, yana karkarwa. Na kira shi da irin kiran da Inna take yi masa in za ta ba shi dusa. Ya juyo ya tura hancinsa cikin hammatana. Na shafa ƙahonninsa, ba wanda ya karye. Na bi ƙafafun ɗaya bayan ɗaya a cikin ruwa ina matsawa, don rago mai bayyanannen gurgunta ba ya layya. Ban ji karaya ba, amma ba a tabbatarwa sai ya taka ƙasa.

Na ɗaga kai na ce, "Baba, ku zuro igiyar ragon!"

Ya ce, "Wace igiya? Ita ce a jikinka. Ta guga ba za ta ɗauke shi ba. Kwance ka ɗaura masa."

Ashe ya sani tun a sama, ya ƙi faɗa mini. Na dubi bakin rijiyar, ya koma kamar faifai. Wannan igiyar ita kaɗai ce tsakanina da duniya, ga shi an ce in kwance ta da hannuna.  Sai ragon ya yi wani kuka a hankali, kansa ya fara sunkuyawa cikin ruwa. Ban sake tunani ba. Na kwance ƙullin, na zagaya masa buhun a ƙarƙashin ciki, na ɗaure gaba da baya irin ɗaurin da nake wa littattafai a bayan keke, na ce su ja.

Na manne da bango ina kallon rago yana tafiya sama yana harbin iska, ruwa yana zubo mini, tsakuwa tana sauka a kan kwanon, ƙwal, ƙwal. A wurin dutsen ya maƙale, na ji Baba yana cewa a sassauta, a juya, a sake ja. Sai ya wuce. Haske ya dawo. Na saura ni kaɗai a gindin rijiya, ba igiya, ruwa har ƙirji. Abin mamaki, a nan ne addu'o'ina suka dawo, ɗaya bayan ɗaya, na karanta su a natse kamar ina zaure.

Can sai na ji guɗa daga sama, ta matan unguwa da suka taru. Abokina ya kwaɗo kira, "Ya tsaya! Da ƙafa huɗu! Har ya tunkuyi Baba!"

Na yi dariya ni kaɗai a cikin duhu har rijiyar tana amsawa.

Da suka sake zuro igiyar na ɗaura suka jawo ni, ban jira an kama ni ba, ni na dafa gungumen na haye. Na yi sujada a kan lakar wurin da kwanon a kaina. Mahaifiyata tana durƙushe tana goge ragon da gefen mayafinta. Ba ta dube ni ba. Ta dai ce wa matar da ke kusa da ita, yadda zan ji, "A ɗora ruwan zafi, wani ya kwana biyu bai ji sanyi irin na yau ba." Ranar Sallah kuma, da muka sauko daga idi, limamin unguwa ya zo zai yanka mata kamar yadda yake yi wa gidajen da ba uba. Ta ce daga bayan ƙofa, "Malam, a yi haƙuri. Wanda ya fito da shi, shi zai yanka."

Kada ku ɗauka na warke. Har gobe in na hau bene ba na matsawa kusa da baranda. Abin da ya sauya shi ne na daina ɗaukar tsoro a matsayin hukunci. Da, in cikina ya ɗuri ruwa, sai in ce wannan abu ba nawa ba ne, in nemo masa hujja mai kyau in koma gefe. Yanzu na san mutum yana iya karkarwa tun daga sama har ƙasa, kuma ya gama aikin da ya kai shi. Na kuma rage kaurin murya in ina bayanin dogaro ga Allah, don na ga yadda nawa ya kasance ranar da aka gwada shi: sai da aka ba ni haushi kafin na saki.

Inna ta yi layya sau shida bayan wannan kafin Allah Ya karɓi abarSa. Duk shidan ni na yanka, kuma ba ta taɓa bari wani ya riƙe mini wuƙar ba.