Ranar da Na Wanke Saiwar Dawa

Wata Laraba ce a daminar shekarar babban fari, ina aji uku, aka samu ruwan da ya ɗan jiƙa ƙasa bayan dogon ɗaukewa. Shukar gonarmu ta hanyar Makoɗa ta riga ta ƙone, iri kuma ya ƙare ƙaf. Abin da ya rage sai 'yar dawar da ta tsira a gindin gawo. Baba ya ciro ta a hankali da ƙasarta, ya jera a kwando, ya ce in kai ƙarshen gona kafin ya kirawo ƙanensa su dasa. Magana ɗaya ya yi mini: "Kada ki kakkaɓe ƙasar nan."

To ni kuwa a makon nan malamin tsafta ya cika mana kunne cewa duk abin da ya yi funfuna cuta ne. Ina duba saiwoyin sai na ga wani farin zare-zare kamar yanar gizo ya nannaɗe su. Na ce lallai idon Baba bai kai nan ba. Na tsuguna a bakin ɗan ruwan da ya taru a kwari, na wanke su ɗaya bayan ɗaya, har da sa farce, suka yi fes, ina ta jiran yabo.

Da Baba ya iso sai ya saki salati. "Haba Uwani! Wanka na ce ki yi musu?" Na tambayi amfanin dattin, ya ce, "Haka muka tarar ana yi." Wallahi har gobe amsar nan tana ba ni haushi. Da ya faɗi dalili ai da ban taɓa ba! An dasa, amma kafin Juma'a ta zagayo yawancinsu sun kwanta. Tafasa da rama muka ci a shekarar, Baba kuma da furfurarsa ya tafi cin rani birni, abin da bai taɓa yi ba.

Sai bara 'yata mai karatun aikin gona ta warware mini. Wai zaren nan funfuna ne mai amfani: yana shiga saiwa ya tayar da wasu ƙwayoyin halitta da ke barci a cikin shukar, sai ta buɗe masa ƙofa, yana jawo mata ruwa da abinci daga nesa, ita tana ba shi zaƙi. Ashe abokin arziki na kora da farcena.

Yau yara suna da amsar komai a littafi, gonar kuwa an yanka ta filaye. Na samu dalilin da nake nema, amma wanda zan ba haƙuri ya daɗe a ƙasa.