Ramukan da ke fuskar wata

Ina sabon malamin lekol, wato makarantar boko, a Filinge, zamanin mulkin Faransa, wani Bature mai awon ƙasa ya ba ni ajiyar madubin hangen nesa da na'urar ɗaukar hoto, ya wuce Bonkuku. Sau ɗaya tak ya nuna mini yadda ake haɗa su.

Bayan magariba na kafa madubin a tsakar gidanmu, na sa ido. Sai na zabura na ja da baya har na ture tulu. Watan da na sani sumul kamar ƙwaryar nono, ga shi duk ramuka, kamar fuskar wanda agana ta ci. Na koma na yi ta danna na'urar.

Da aka wanko hotunan a Yamai, ɗaya kaɗai ya fito. Na kai wa mahaifina, wanda ake tambaya tsayuwar watan azumi a unguwarmu.

"Mi ne ne wanga?" in ji shi.

"Wata ne, Baba."

Ya daɗe yana kallo, bakinsa a buɗe. Can ya yi salati ya ce, "Shekara arba'in nike duban shi, ashe ban san shi ba."

Ya miƙo mini hoton a kife. Ranar ko tuwo bai taɓa ba.