Shagon Takalmin da Muka Cika da Daddawa

Da na zo birnin Greensboro na Amurka daga Maraɗi a farkon shekarun dubu biyu, aikina na farko shi ne tsaron shagon kawuna, Alhaji, a kan High Point Road. Shagon yana cikin wani dogon layin kantuna masu rufi ɗaya, da filin ajiye motoci wanda ciyawa ta tsaga kwaltarsa. Maƙwabcinmu wani ɗan Gana ne mai aski. Mu kuwa gero muke sayarwa, da daddawa, da kuka, da busasshen kifi.

Akwai wata tsohuwar Baturiya da ke leƙo mu duk Asabar, ba ta sayen komai. Sai ta tsaya wajen buhunan shinkafa tana kallon bango. Ran nan Alhaji ya ce in tambaye ta ko lafiya, tunda na fi shi Turanci.

"A nan aka saya mini takalmin aurena," in ji ta.

Alhaji ya jawo mata kujera. "Zauna, Mama."

Tun daga ranar muka sami mai ba mu tarihi. Ta ce tana yarinya, nan duk gonaki ne. Da mutane suka yi motoci suka bar tsakiyar gari, sai aka biyo su da wannan layi, yana cikin irinsa na farko-farko a wajen gari. Mata har ado suke ci kafin su zo. Kantunan cikin gari suka yi ta rufewa. Bayan shekaru aka gina wata katafariyar kasuwa mai na'urar sanyi, ita ma ta kwashe masu zuwa nan.

"Tambaye ta," in ji Alhaji, "a lokacin, mai irin fatata yana shigowa?"

"Yana shigowa ya saya," in ji ta. "Gwada takalmin ne ba a bari ya yi."

Alhaji ya yi dariya, ya miƙa mata kilishi. "Ce mata mu a nan ana ɗanɗanawa." Ta ci, yaji ya sa ta hawaye, ta ce a ƙara.

Ita ce, don son da take yi wa wurin, ta kawo mana wasu masu kishin tsofaffin gine-gine. Suka ce za su ɗauki hoto don a ceci layin daga rusau ɗin da ake shirin yi masa, amma suna so ya fito yadda yake a da. Suka roƙe mu da ladabi mu shigar da buhuna ciki, mu sauke allon shago. Mai aski ya ɓamɓare hotunan salon aski daga gilashinsa. Aka kawar da motocinmu. Muka koma gefe muka tsaya, kada mu ɓata tarihi.

Hoton ya yi kyau matuƙa, wuri fayau kamar ba a taɓa yin ciniki a nan ba. Shi ne kuwa mai ginin ya ɗaga a wajen taron hukumar gari, ya ce kowa ya gani da idonsa, layin ya mutu. Aka yarda a rushe a gina wa ɗalibai gidaje.

Muka koma wani ɗan lungu kusa da unguwar Glenwood. Ranar rusau Alhaji ya ce in raka shi ya gani. Cikin ma'aikatan akwai wani mutumin Damagaram da ke sayen gero a wajenmu. Ya hango mu, ya cire hular kwano, ya taho da sauri cikin ƙura.

"Alhaji, barka da rana! Wai ina kuka koma ne? Sati biyu ke nan ba a dama fura a gidana ba."