Takardar da Nestor Halyk Ya Sa a Aljihu

Duk wanda ya koyi gudu a kan ƙanƙara a garin Orlesk cikin shekara arba'in da suka wuce, a kan ƙanƙarar Nestor Halyk ya koya. Shi ne mai kula da filin hoki, wasan da ake bugawa da sanda a kan ƙanƙara. Da sanyi ya kama sai ya ɗauko tiyo ya riƙa malala ruwa kaɗan-kaɗan, ya jira ya daskare, ya ƙara, har filin ya yi sumul kamar faranti. Gajere ne mai faɗin kafaɗa, fuskarsa duk tabon ɗinki. A ƙuruciyarsa ya tsare raga wa wata ƙaramar ƙungiyar ƙwararru har kakar wasa biyu, a zamanin da mai tsaron raga ba ya rufe fuska. Can ya baro haƙoransa na gaba da rabin ganin idonsa na hagu, aka sallame shi ya dawo gida. Ba mai yawan magana ba ne. Mutane suna cewa dukan da kansa ya sha ne ya mai da shi haka. Ba shi ba ne.

Kafin hoki ta ci fuskarsa, Nestor ɗan besbol ne in bazara ta yi, kamar kowane saurayi a lardinsu na Saskatchewan. Shi ke tsugunawa bayan mai sanda yana cafe ƙwallo. Mai jefo masa kuwa abokinsa ne tun suna 'yan firamare, Lucien Tessier, dogo siriri, ɗan wani manomin alkama. Lucien na kiransa Buhu, wai ko me aka jefa masa sai ya tsaya a jikinsa. Shi kuma yana kiran Lucien Dogo.

"Buhu, yau ka ci curin perogi nawa? Na ga kana tsugunawa da ƙyar."

"Ashirin. Kai dai jefo inda na nuna maka, ka bar ƙirga mini loma."

A watan Yuli na 1957 ƙungiyar Orlesk ta je gasa a wani gari mai nisan mil sittin. Rannan kowa ya san akwai baƙo a cikin 'yan kallo, wani mai farautar 'yan wasa daga Amurka, da farar hula da ɗan littafi. Saboda Lucien ya zo. Lucien kuwa bai taɓa jifa irin na ranar ba. Zagaye ɗaya, biyu, har biyar, babu mutum guda cikin abokan karawa da ya sami dukan kirki a ƙwallonsa. Irin wannan wasa mutum kan gama rayuwarsa bai yi ko sau ɗaya ba.

To, 'yan besbol suna da al'ada a kan haka. Idan mai jifa ya kama wannan hanya, ba mai ambata abin, ba mai yi masa magana, ba mai zama kusa da shi a benci. Sai a bar masa gefe guda shi kaɗai, da rigar sanyi a kan hannun jifarsa. Wanda ya buɗe baki ya ɓata masa sa'a, kuma har ya mutu ba za a manta masa ba. Manya da yara duk sun yarda da wannan, yadda suka yarda rana daga gabas take fitowa.

Ana cikin zagaye na shida, wajen ƙarfe uku da 'yan mintoci, matar mai otal ɗin garin ta zo bakin shingen fili tana haki. Nestor ne ya fi kusa, shi ne kuma kyaftin.

"Kai, yaro, waye Tessier a cikinku? Uwarsa ta bugo waya. Ga shi na rubuta."

Ya karɓa ya karanta. Tarakta ta kife da baban Lucien a gangaren gona, an kai shi asibiti, yana kiran sunan ɗansa, ya zo maza.

"Ka ba shi yanzu fa," in ji matar.

"To, Mama. Zan ba shi."

Ya juya ya dubi ƙarshen benci. Lucien na zaune shi kaɗai, kansa a sunkuye, 'yan wasa tara sun cure a ɗaya gefen kamar mai cutar da ake gudu. Nestor ya yi taku biyu ya tsaya. Ba wai ya zauna ya auna abin ba ne, ƙafarsa ce ta ƙi. Tun yana ɗan shekara bakwai ya san ba a ƙetare wannan fili. Ya ce a ransa saura zagaye uku, tsohon mai ƙarfi ne, mutumin da ke ɗaga buhu biyu a kafaɗa ba zai tafi cikin awa guda ba. Ya ninke takardar ya tura aljihun baya, ya ɗaura abin kare ƙirjinsa ya fita fili.

Lucien ya gama zagaye tara ba wanda ya yi wa ƙwallonsa dukan kirki. Aka ɗaga shi sama ana ihu. Mai farar hula ya sauko ya riƙe masa hannu ya ce su haɗu ranar Talata. A nan Nestor ya ja shi gefe ya miƙa masa takardar, ta jiƙe da gumi.

"Yanzun nan aka kawo," ya ce.

Nestor ne ya ɗauko motar gidansu ya tuƙa shi. Sun isa asibiti sun tarar tsohon ya cika da minti ashirin da biyar. Har ƙarshe yana cikin hankalinsa, yana tambayar ko motar da ya ji ta tsaya ta yaron ce.

Bayan an binne shi a maƙabartar coci, mutane suka taru a gidan gona. Nestor ya shiga kicin da kofuna a hannu, ya tarar da Madam Tessier, uwar Lucien, tana magana da 'yarta Odile, muryarta a ƙasa.

"Ƙarfe uku na buga. Matar otal ɗin ta sake bugowa ta ce an kai masa. Ya ji, ya tsaya ya ƙarasa wasansa. Kada ki taɓa tayar masa da maganar. Ba na son in ji abin da zai ce."

Nestor ya ajiye kofunan a hankali ya fita ta ƙofar baya. Shekararsa ashirin da uku.

Lucien ya sa hannu a kwantiragin mai farar hula ranar Talata kamar yadda aka ce. Ya yi shekara tara yana yawo a ƙananan ƙungiyoyin Amurka, daga wannan gari zuwa wancan a cikin bas. Sau ɗaya aka kira shi babbar gasa, ya yi mako bakwai, ya yi jifa a wasa huɗu. Daga nan gwiwar hannunsa ta tafi, har cokali ba ya iya kaiwa baki sai da hagu. Ya zauna can kudu yana sayar da tayoyin mota. Duk Kirsimeti yana rubuto wa Nestor wasiƙa, kuma kusan kowace da irin wannan layi a ƙarshe: na rubuta wa Mama shafi uku, ta amsa da layi biyu, har yanzu ba ta yafe mini barin gona ba. Abin da ya ɗauka ke nan. Da ya yi aure ba ta je ba, Odile ma ba ta je ba.

Madam Tessier ta sayar da gona ta dawo cikin gari, layi huɗu tsakaninta da gidan Nestor. Duk safiyar da dusar ƙanƙara ta zuba, kafin ya wuce fili sai ya biya ya share mata ƙofar gida. Ya gyara mata murhu, ya kai ta coci a mota. Matarsa Zonia har tana masa ba'a.

"Ni ƙofata ta toshe, kai kana can wajen budurwarka. In ka ga dama ka kwashe kayanka ka koma."

Sau ɗaya ya kusa. Tsohuwar ta shigar da shi ta zuba masa kofi, ta yanko masa kek, ta zauna tana kallonsa yana ci da haƙoran roba.

"Mama, akwai maganar da nake so in yi miki. A kan ranar nan."

"Wace rana?"

"Ranar Baba."

Ta ɗora hannunta a kan nasa. "Nestor, bar rufa masa asiri. Kai ka kawo shi, na sani. Da kai na haifa, da ubanka ya gan ka."

Nestor ya ajiye kek ɗin. Ya ce kofin ya yi daɗi, ya ɗauki shebur ɗinsa. Ta rasu a 1983. Lucien ya zo jana'iza ya kwana ɗaya, Odile ta gaishe shi kamar baƙon coci, ya koma.

Sai a 2004 ya dawo da zama. Matarsa ta rasu, shanyewar ɓarin jiki ta taɓa shi, ya ce yana so ya ƙare a inda ya fara. Aka sama masa ɗaki a gidan tsofaffi. Kwamitin gari ya yanke shawarar karrama shi ta hanyar rataye rigar wasansa a rufin filin hoki, don nan ne kawai zauren da zai ɗauki jama'a, kuma wa zai ba da labarin wasan nan in ba wanda ya cafe ƙwallon ba? Aka ce Nestor ya shirya jawabi.

Ana gobe biki ya je wajensa da hantsi. Ya same shi a keken guragu bakin taga, bargo a cinya.

"Buhu! Har yanzu ba ka mutu ba? Zo ka ga abin da suke ba mu a nan wai miya. Ko karenku ba zai sha ba."

"Dogo, ba wasa ya kawo ni ba."

"Kai da ma ka taɓa wasa? Zauna mana, ka tsaya mini a kai kamar mai bin gawa."

Bai zauna ba. Ya faɗa masa a tsaye, hularsa a hannu, daga matar otal har abin da ya ji a kicin. Bai ɗauki minti uku ba. Lucien bai katse shi ba. Ɓarin bakinsa mai lafiya ne kawai yake motsi.

"Zagaye na nawa?"

"Na shida."

Lucien ya rufe ido. Nestor ya ga yana lissafi, irin na wanda ya san tsawon kowane zagaye da tsawon hanyar.

"Da na same shi."

"Da ka same shi."

"To, wannan na ji. Ni ma da ni ne a benci, ban san ko ƙafata za ta ɗauke ni ba. Mahaukata ne mu duka, haka aka koya mana." Ya ja numfashi. "Amma ita fa? Ita ta ɗauka na sani?"

"Har ta rasu."

"Shekara ashirin da shida tana layi huɗu da kai. Kana share mata ƙofa. Kana rubuto mini cewa tana lafiya, ta yi kek. Na ɗauka gona ce, Nestor. Shekara nawa ina ba ta haƙuri a kan gona."

Bai taɓa kiransa da sunansa ba sai rannan. Nestor ya ce ba shi da abin cewa.

"Kana da shi. Odile za ta zo gobe, kwamiti ne suka matsa mata. Ni in na faɗa mata, za ta ce tsoho na wanke kansa. Kai za ka faɗa, a lasifika, kowa na ji. Yanzu fita, a kawo mini miyata."

Washegari fili ya cika. An shimfiɗa katako a kan ƙanƙara, an jera kujeru, 'yan makaranta sun busa ƙaho. Lucien na gaba a kekensa, Odile na can layi na biyar da jakarta a cinya, tsohuwa mai furfura. Aka kira Nestor, aka tafa masa sosai, don rabin mutanen wurin shi ya ɗaure musu takalmin ƙanƙara na farko. Ya riƙe lasifikar da yatsunsa karkatattu. Bai ce komai a kan jifa ba. Ya faɗi lokacin da saƙo ya zo, da wanda ya karɓa, da aljihun da ya shiga, da ƙaryar da aka yi bayan an tashi. Ya ce Lucien Tessier bai san babansa na kiransa ba sai da wasa ya ƙare, kuma uwarsa ta shiga kabari ba ta san haka ba, kuma shi Nestor ya san ba ta sani ba. Ya ajiye lasifikar ya sauka.

Ba wanda ya tafa. Shugaban kwamiti ya rasa yadda zai yi, sai ya yi alama a ja igiya, riga ta hau sama cikin shiru. Can Odile ta miƙe, ta ratsa kujeru, ta wuce ta gaban Nestor ba ta dube shi ba, ta je ta gyara wa wanta bargon da ya zame.

Bayan mako biyu ta ɗauke shi daga gidan tsofaffi ta kai shi gidanta. A can ya yi wata bakwai ɗin da suka rage masa. Nestor ya je ƙofar sau biyu, sau biyun ta ce masa yana barci. Da ya rasu an zaɓi mutum shida su ɗauki akwatin, ba a aiko wa Nestor ba. Ya je cocin ya zauna a kujerar ƙarshe, shi da Zonia, suka fita kafin a fara gaishe-gaishe.