Duwatsun da Kawu Sale Ya Jera Suna Kallon Gabas

Shekara bakwai ke nan cif, a wannan watan, da muka kai Kawu Sale makwancinsa a nan Riyad. Duk shekara nakan ce zan rubuta wani abu a kansa, sai in fasa, domin akwai alkawarin da na ɗaukar masa ban cika ba, kuma kunya ba ta bari na yi ta yabon mutumin da nake riƙe da saƙonsa. Bana na sauke nauyin, shi ya sa na samu bakin magana.

Kawu Sale ƙanen mahaifiyata ne, kuma shi ya karɓe ni lokacin da na zo ƙasar nan karatu. Mai fenti ne, amma kada ka kuskura ka ce masa mai fentin bango. Shi na layi ne, layin titi da na wurin ajiye motoci. In muna tafiya a unguwar Shumaisi ya ga layin da wani ya ja ya karkace, sai ya tsaya ya riƙe ƙugu yana girgiza kai, kamar an zagi iyayensa. Wannan mutum mai son abu ya miƙe sambal, shi ne 'yan'uwanmu Hausawan unguwar suke kira Sale Gabas. In an kira shi haka sai ya yi harara, can kuma sai ya fashe da dariya, ya ce a kawo shayi ya ba da labarin da bakinsa kafin wani ya ƙara masa gishiri.

Ga yadda abin ya faru. Ya sauka a Riyad a shekarar da Iraƙi ta shiga Kuwait. Kwana biyu kacal ya yi a gari, yana bin sahu a masallaci kamar kowa, bai ɗaga kai ya duba inda rana take fitowa ba. A rana ta uku kamfanin da ya ɗauko shi ya zuba shi a bayan babbar mota tare da wasu Hausawa biyu, su ma sababbin zuwa, aka nausa da su arewa maso gabas, zuwa wani ɗan ƙaramin filin jirgi a tsakiyar hamada. A lokacin, in ji shi, titin jirgi ɗaya ne da wani ɗan gini da bai fi ajin makaranta biyu ba. Ana shirin yaƙi, ana so a ƙara tsawon titin a sake ja masa layi kafin manyan jiragen soja su fara sauka. Aka kafa musu tanti a can ƙarshen titin, nesa da kowa, su uku da shugaban aikinsu wanda ba Musulmi ba ne.

Kawu shi ne babba, don haka shi ne liman. Ya yi abin da duk Bahaushe zai yi in ya samu kansa a fili: ya tattaro duwatsu ya zagaye wurin salla, ya fitar da gurbin liman a gaba. Da yake mai fenti ne, ya shafe duwatsun da ragowar fentin titi mai ruwan ɗorawa don kada mota ta taka. Alƙibla kuwa bai tambayi kowa ba. Me zai tambaya? Tun yana yaro a Gumel, in za a yi salla gabas ake kallo, in za a yanka rago gabas ake kallo. Ya ga inda rana ta fito, ya ja igiya, ya miƙe sahu sambal. Kwana goma sha ɗaya yana jan mutum biyu salla, Makka tana bayan ƙeyarsu.

A cikin kwanakin nan filin ya canza kama. Jiragen dakon kaya suna sauka suna tashi ba hutawa, masu saukar ungulu suna tayar da rairayi, tantuna sun cika ko'ina, sojojin ƙasashe iri-iri da ko sunan wasu bai taɓa ji ba. An raba musu takunkumin gas, an koya musu inda za su ruga in jiniya ta yi kuka. Kawu ya ce shi takunkumin ya fi tsoro a kan yaƙin, don in ya sa shi sai ya ji kamar an tusa kansa a tulu.

A rana ta goma sha biyu, sun idar da azahar ke nan, sai suka ga wani soja baƙi tsaye yana kallonsu, hannunsa a baki. Ashe ɗan Nijar ne, cikin dakarun da ƙasarsu ta turo. Ya yi sallama da Hausa tsantsa, har Kawu ya washe baki don murna. Sannan ya ce, “Malam, don Allah wa ya maido muku da Makka can?” Ya ciro kamfas daga aljihu ya nuna musu kudu maso yamma. Kawu ya ce a ransa ya so ƙasa ta tsage ya shige. Sojan kuwa ya yi ta dariya har da dafa gwiwa, yana cewa shi ma da ba don kamfas ba, da tare za su yi.

Da a nan labarin ya tsaya, da abin dariya ne kawai. Amma a wannan yammacin aka zo aka kwashe su, domin sojoji za su karɓi wannan ɓangaren. Kawu ya ce a ba shi minti goma ya juya duwatsunsa, shugaban aiki ya ce, “Yalla, yalla, mu tafi, gobe!” Kafin goben an ja waya mai ƙaya. Ya yi sauran watannin yaƙin a ɗaya ƙarshen, yana sabunta layin da tayoyin jirage suke cinyewa, kuma duk sanda ya hau bayan mota yakan hango ɗigon ruwan ɗorawa can nesa. Da aikin ya ƙare aka maido su Riyad, bai sake taka wurin ba.

Sallolin ya rama su tun a can. Ɗaliban ilimi da suke zuwa shan shayi wurinsa sun sha gaya masa cewa ya yi iya ƙoƙarinsa, babu laifi a kansa. Sai ya ce, “Ni ba tawa sallar ke damuna ba. Duwatsun nan suna can suna yi wa bayin Allah ƙarya da hannuna. Matafiyi ya zo a gajiye, ya ga masallaci a shirye har da fenti, zai tsaya bincike?” Wannan shi ne abin da ya ɗauka a ransa kusan shekara talatin. A farko tafiya sai da takardar kafili, wato ubangidan da ya ɗauke shi aiki, kuma yakan ce, “In ce masa me? Zan je juya dutse?” Da tafiya ta yi sauƙi, gwiwoyinsa sun ƙi. Ni kuma na samu aiki, na sayi mota, na koma unguwar Nasim da iyalina, na ce masa in an yi hutu zan kai shi. Hutu ya yi ta zuwa yana wucewa. A asibiti, kwana biyu kafin ya cika, ya riƙe hannuna ya ce, “Nura, duwatsun nan fa.” Na ce, “Kawu, na ɗauka.” Har yau in na tuna sau nawa na ce masa sai wani hutun, raina yakan ɓaci da kaina.

Watan jiya na gaji da jin kunyar. Na sayi safar hannu irin ta magina, na je Filin Jirgin Sama na Sarki Khalid, na hau ƙaramin jirgin da ke zuwa can. Tafiyar da suka yi yini guda a bayan mota, ban gama shan shayin da aka ba ni ba aka ce a ɗaura bel za mu sauka. Na leƙa ta taga ina kallon layin titin, fari da ruwan ɗorawa, a miƙe kamar an ja da zare. Na ce a raina, to Kawu, wannan dai ba za ka samu abin kushewa ba, ko da yake na san sai ya samo.

Filin har yanzu ƙarami ne, titin jirgin ɗaya ne, amma ba alamar tanti ko waya mai ƙaya. Zaure ɗaya ne mai sanyi kamar cikin randa, da bel guda mai juyo da kaya, da ɗan shagon gahawa, da tebur biyu na masu ba da hayar mota. In jirgi ya tashi sai wurin ya yi tsit, ma'aikata su koma kan wayoyinsu. Akwai ɗakin salla na maza da na mata, da famfunan alwala a jere, kuma a jikin bango an manna kibiya kore mai nuna alƙibla. Na tsaya gaban kibiyar nan ina murmushi ni kaɗai. Da Kawu ya ganta, na san abin da zai ce: ina kike tun da can? Balle a nuna masa cewa yanzu wayar da ke aljihun kowane yaro tana nuna Makka. Zai ce an gama da 'yan zamani, ba su da sauran labarin da za su ba jikokinsu.

Na tambayi matasan da ke aiki a zauren ko sun san wasu tsofaffin duwatsu masu fenti. Suka dube ni kamar na tambayi hanyar wata. Wani mai shara ne ya ce in fita in tambayi direbobin tasi, su ne ba abin da ya shige musu duhu. A can na samu wani dattijo Balarabe, Abu Fahad, yana zuba gahawa a bakin motarsa. Ban gama bayani ba ya ce, “Masallaci mai hanci biyu kake nufi? Hau.”

Ba mu yi minti biyar ba. An matsar da shingen filin tuntuni, wurin ya koma waje, gefen hanyar da direbobi suke tsayawa jiran jirgin yamma. Ga duwatsun nan a zagaye, rana ta cinye fentin, amma da na ɗaga ɗaya sai ga ruwan ɗorawa a ƙasansa, rangaɗau. Na mayar da shi inda yake. Gurbin liman na Kawu yana nan yana kallon gabas. Sai dai a ɗaya gefen, kudu maso yamma, akwai wani gurbin da baƙaƙen duwatsu, an shimfiɗa tsohuwar darduma a cikinsa.

Abu Fahad ya ce mahaifinsa makiyayin raƙuma ne, shi ya tarar da wurin bayan sojoji sun tafi. Mahaifin nasa ya yi dariya har ya zauna a ƙasa, sannan ya fitar da gurbi a inda ya dace. Amma ya hana a taɓa na farkon. “Babana ya ce wanda ya yi wannan daga yammacin Makka ya fito, kuma bai daɗe da barin gida ba. Ya ce mutumin da ya tsaya jera dutse don salla ana shirin yaƙi, ba a rushe masa aiki.” Ya dube ni ya ce, “Ka san shi?” Na ce kawuna ne, kuma ya rasu yana tsoron ya ɓatar da mutane. Dattijon ya buga hannu a cinya. “Ya ɓatar da wa? Ko makaho a nan ya san inda Makka take! Allah Ya jiƙansa, wurin salla ya bar mana.”

Na ciro safar hannuna na ce to bari in cika alkawari in kwashe na gabas ɗin. Ya riƙe mini hannu. “La, la, a'a. In ka kwashe, ina za mu sa takalma?” Sai a lokacin na lura. Direbobi uku sun iso don la'asar, kowa ya tuɓe takalmansa ya jera su a gurbin Kawu, kusa da butar alwala, ba tare da ko tunani ba. Na yi dariya har hawaye suka zubo, kuma ban san inda dariyar ta tsaya kukan ya fara ba.

Kawu yakan ce mu da ke Riyad da mutanen gida fuska da fuska muke salla, Makka a tsakani, don haka duk wanda ya yi kewar uwarsa ya tashi ya yi nafila. Na tuna wannan da na shiga sahu bayan Abu Fahad.

Yanzu in na auna abin da ya rage na Kawu Sale, sai in ga abin mamaki. Dubban layukan da ya ja daidai, yana alfahari da su, duk sabuwar kwalta ta binne su. Wanda ya karkace shi kaɗai ya rayu, kuma a kansa mutanen da ba su san sunansa ba suke tsayuwa sau biyar a rana. Yanzu sun sani, don Abu Fahad ya sa na maimaita masa sunan har sau uku.

Kawu, na je. Ban juya ko dutse ɗaya ba, ga safar hannun nan a jaka sabuwa ful. Babu wanda ka ɓatar. Takalmana na ajiye a inda ka tsaya, na juya na kalli Makka, na yi maka addu'a.