Ranar da Aka Ƙirga Ni a Layin Taubashina

Tun da na yi wayo ban taɓa jin taubashina ya gaishe ni da ladabi ba, sai a shekarar da jam'iyyarmu ta rabu gida biyu. Ɗan kawuna ne, Inna ƙanwar babansa ce. A al'adarmu ɗan mace bawan ɗan namiji ne, don haka tun muna yara muna wanka a gulbin Gummi ba ni da wani suna a bakinsa sai bawa. Na yi karatu na zama malamin gona, na yi aiki a Anka, na yi a Bukkuyum, na dawo gida da furfura da takardar ritaya, duk wannan bai sa an 'yanta ni ba. In na fito da sabuwar riga, daga nesa zai ɗaga murya: "Kai bawa, wa yam mutu yab bar maka gado?" Ni kuma in ce ya matsa can da hannunsa, kada ya shafa mini baƙin mai, don shi makaniken injin ban-ruwa ne.

Gidajenmu na kallon juna. Kullum bayan magariba kowa zai fito da kwanonsa mu haɗu gindin dogon yaron ƙofar gidana mu yi ciyayya, tuwon shinkafa da miyar kifi in an samu, in ba a samu ba kuka. Ya kushe miyar gidana, ya kuma cinye ta tas. Yana da ciwon suga, ga taurin kai, yakan wuni a fadama yana kwance inji bai sa komai a bakinsa ba. Sau biyu ana ɗauko shi daga can a sume. Tun daga nan na ɗauki al'adar ajiye dabino a aljihun hagu na rigata. Da na ga ya fara murza goshi yana maimaita magana, sai in miƙa masa, shi kuma ya karɓa ya ce aikin bawa ke nan.

Jam'iyya ɗaya muke tun samartaka, irin wadda talakawa ke so amma ba ta cika cin zaɓe ba. Ni ne sakataren mazaɓa, saboda na iya rubutu kuma ba wanda ke son aikin. Muna nan muna shan kayenmu cikin rufin asiri, sai wani Alhaji mai injin casar shinkafa ya sauya sheƙa ya shigo mana da mutanensa da motocinsa. Mutumin nan ya sayi fadamu da yawa a bakin gulbi, har ya kewaye wata hanyar da masu ƙananan gonaki ke jan ruwa ta cikinta. Shigowarsa ce ta tsaga mu. Wasu suka ce jam'iyyar talaka ba ta haɗa tabarma da mai tare wa talaka ruwa, taki da injuna a kai su hannun manomi kai tsaye, in za a faɗi zaɓe a kan haka a faɗi. Su ne 'yan aƙida. Wasu suka ce da babu gara ba daɗi, a karɓe shi a ci zaɓe, in an hau kujera a gyara abin da ya gyaru. Su ne 'yan maslaha.

Ni ɗan maslaha ne, kuma har gobe ban ga laifina ba. Shekaru na yi ina kallon yadda taki ke tafiya, ban taɓa ganin ya bi ta ƙofar wanda ya faɗi zaɓe ba, komai kyawun aƙidarsa. Taubashina kuwa ɗan aƙida ne na gani kashe ni. Da farko abin daɗi ya ƙara wa ciyayyarmu. Ya ce da ma bawa bai san komai ba sai neman sabon ubangida. Na ce abin mamaki ne mai wa'azin 'yanta talakawa ya riƙe bawa shekara sittin bai sake shi ba. Mu yi ta yi har a kira isha'i.

Ni na ɓata abin, da bakina, a wani taro da muka yi a rumfar jam'iyya. Akwai abin da ya kamata in tuna. 'Yarsa ta fari tana aure a wani ƙauye a ƙasar Anka, kuma a shekarun da gubar dalma ta shiga gidaje ta dalilin niƙan dutsen zinari, ta rasa 'ya'ya biyu. Bai taɓa tayar da maganar a gaban jama'a ba sai ran nan. Ya miƙe ya ce, "Jikokina biyu nib bizne da hannuna. Masu zinari sunka yi gaba da motocinsu, mu anka bar muna ramu. Yanzu kuma ku ce mu ɗauko irinsu mu aza gaba?" Na ga har mutanenmu sun fara sunkuyar da kai. Ni kuwa da na saba duk abin da ya faɗa sai na mayar masa, kuma ina tsoron kada taron ya kuɓuce mana, sai na ce, "Jama'a ku yi mai hanƙuri, ubangidana bai karya ba. A ba shi hura ya sha, aƙidar ta kwanta." Aka fashe da dariya. Ya dube ni, ya ɗauki hularsa da ya ajiye a kan benci, ya fita.

Da magariba bai fito da kwano ba. Washegari muka haɗu a ƙofar masallaci, ina shirin shan zagi, har na tanadi amsa. Sai ya ɗan rusuna ya ce, "Malam, an tashi lahiya? Ina gajiya?" Wallahi da mari ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Na bi shi shagonsa na ba shi haƙuri, na ce bakina ne ya riga hankalina. Ya ajiye sifanar da yake kwance inji da ita, ya goge hannu, ya ce, "Ba komi, Malam. Allah shi yahe muna baki ɗai." Har bakin hanya ya rako ni, kamar wani baƙo.

Inna tana da rai a lokacin, ta tsufa ƙwarai amma kunnenta ras. Ta ji shiru a ƙofar gida kwana da kwanaki, ta sa aka kira ni. "Mi kay yi ma ɗan wana?" Na faɗa mata. Ta juya goro a baki ta ce, "Wasa da shi gadonka na, amma ba a kai wasa bakin kushewa. In taubashi yab bar zagin ka, to ya hidda kai cikin dangi." Na ce to yaya zan yi? Ta ce ita ba ta san siyasa ba, in je in tambayi masu motocin.

Wata biyar muka yi a haka. Kullum yana gaishe ni, kullum ina amsawa. Ina cin tuwona ni kaɗai a gindin bishiya, ba mai kushe miya, har maiɗakina ta ce girki ya fita ranta. Na yi kewarsa ƙwarai, ba zan ɓoye ba. Duk ranar wanki kuma in na canza riga, sai in kwashe dabinon nan in mayar aljihun sabuwar, ban ma san ina yi ba.

Sai zaɓen shugabannin mazaɓa ya zo, cikin bazara, bayan an yanke shinkafar rani. Aka ce ƙato bayan ƙato za a yi. Ba takarda, ba akwati. Ɗan takara ya tsaya a gaba, masu sonsa su jeru a bayansa, a bi ana dafa kafaɗa ana ƙirgawa, kowa na ganin kowa. Tun da hantsi muka hallara a filin makarantar firamare. 'Yan aƙida suka jeru bayan wani matashin malamin makaranta, mu kuma bayan mutumin da Alhaji ya kawo. Bishiya ɗaya ce mai inuwa a filin, kowane ɓangare na son ta, don haka layukan biyu suka matso juna har tsakaninsu bai fi taku huɗu ba. Taubashina na ɗaya layin, kusan daidai da ni, yana kallon ƙeyar na gabansa.

Masu ƙirga daga Gusau za su zo, kuma sai sun gama da Anka da Bukkuyum kafin su iso mu. Rana ta take. Ba wanda ya yarda ya bar layi, don an ce da an hango motarsu za a fara. Masu ruwan leda suka yi ciniki ranar. Ni ina tsaye ina ta lissafin kawuna, ina ganin kamar mun ɗan fi su, kamar kuma ba mu fi ba. Can wajen azahar mota ta shigo da ƙura, wani mutum mai tabarau ya sauko da takarda a hannu yana ɗaga murya: "Kowa ya tsaya inda yake! Inda na iske mutum nan zan ƙirga shi, ba ruwana da abin da ke zuciyarsa."

Ya fara da layin 'yan aƙida. A lokacin ne na ga taubashina yana murza goshi. Leɓensa na motsi, gumi na zuba, gwiwoyinsa sun fara lanƙwashewa. Na gabansa na leƙen mai ƙirga, na bayansa na gardama da wani, ba wanda ya lura. Na san bai karya ba, don na san halinsa a ranar da ransa ke kan abu. Zan so in ce na tsaya na auna jam'iyya da zumunci, amma ƙarya ne, ban auna komai ba. Na dai tsinci kaina a bayansa, hannuna ɗaya ya zagaye ƙirjinsa, ɗayan na tura masa dabino a baki. Ina ce masa, "Tauna, don Allah tauna." Yana cikin taunawa na ji an dafa kafaɗata an faɗi lamba, an wuce.

Filin ya ɗauki ihu. Mutanenmu na cewa, "Sakatare ya saida mu!" 'Yan aƙida na tafi suna kabbara, wani har ya ɗaga hannuna sama, ni kuwa ina fama kada mutum ya zube mini. Na ce wa mai tabarau kuskure ne, ni ɗan wancan layin ne. Ko waiwayowa bai yi ba. Da aka gama, 'yan aƙida suka yi nasara da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, kuma kowa ya rantse ganina a can ne ya ja wasu masu kokwanto suka tsallaka. Ban tsaya jin sauran ba. Na ɗora shi a babur, ni a bayansa ina riƙe da shi, muka kai shi asibiti aka sa masa ruwa.

Kwana bakwai ya yi a kwance a gida. A cikin kwanakin nan manya suka zauna a can sama suka soke zaɓen gaba ɗaya, suka raba muƙamai tsakaninsu, wannan ɓangare kaza, wancan kaza. Wato tsayuwar rana da muka yi ta tashi a banza. Sunana bai fito ko'ina ba. 'Yan maslaha sun ce na ci amana, 'yan aƙida sun ce wanda ya tsallako sau ɗaya zai iya komawa. Na yi bayani sau biyu, na ga ba mai saye, na miƙa littafin sakatare na dawo gida. Abin ya ɗan yi mini ciwo, amma ba kamar yadda na zata ba. Hankalina na kan ƙofar da ke kallon tawa.

A rana ta takwas bayan magariba ina zaune gindin dogon yaro, na buɗe kwano ke nan, sai na ji ƙarar ƙyaurensa. Ya fito a hankali, ya rame, kwano a hannu. Ban san da wane suna zai kira ni ba. In ya ce Malam, na san godiya ya zo yi, irin wadda ake yi wa baƙon da ya taimake ka a hanya, daga nan kuma shi ke nan. Ya tsallako titi, ya tsaya a kaina, ya daɗe yana kallon miyar gidana.

"Kai bawa," ya ce, "dabinon ga da kat tura min, ko jaki ba ya cin shi. Ya ƙeƙashe kamar tsakuwa, saura kaɗan in rasa haƙori. Tun yaushe shina aljihunka?"

Na ce, "Tun randa kaf fara gaishe ni."

Ya ajiye kwanonsa kusa da nawa, ya zauna, ya ja hannun riga. Na ga ya kai bayan hannu ya goge ido, ya ce hayaƙin gidana ne, matata ba ta iya hura wuta ba. Daga cikin gida na jiyo Inna tana tambaya wa ke zagin mutane a ƙofar gida, maiɗakina ta faɗa mata, ta ce to madalla, a ƙaro musu miya.

Ya gutsuri tuwo ya ce ko ba komai tarihi ya nuna a layinsu aka ƙirga ni. Na ce a layin marasa lafiya dai. Ya ce in matsa masa kifin, bawa ba ya cin tsoka.