Kwalbar da Inna Ta Toshe

Duk wanda ya zauna unguwar Ard al-Liwa a Alƙahira ya san Azumi mai humra. Wanda bai san fuskarta ba, hancinsa ya san ƙofarta. Tana zaune a hawan ƙasa na wani dogon bene, a lungun da tuk-tuk biyu, wato a-daidaita-sahu, ba sa wuce juna sai direbobin sun zagi iyayen juna. 'Yar Damagaram ce. Ta biyo mijinta Issa zuwa Alƙahira da jaririya a goye, shi yana sarin kaya a kasuwar Ataba yana turawa Nijar. Issa ya rasu 'yarsu Hanifa ba ta gama firamare ba. Dangi suka yi ta aiko mata da saƙon ta tattara ta dawo gida, ta ce ba inda za ta, a nan aka binne mijinta, a nan 'yarta za ta yi karatu. Da humra ta riƙe gidan, ba ta taɓa miƙa wa kowa hannu ba.

Wajen mahaifiyarta, Inna, ta koyi aikin. Kada wani ya ce maka humra turare ne kawai da ake zubawa a kwalba. Sai an jiƙa farce, ɓawon nan na teku mai kama da farcen mutum, an kankare shi, an soya har ƙarnin teku ya fita. A daka sandal da ƙwayar mahalab mai ƙamshi da kanumfari, a kwaɓa, a turara kwaɓin da hayaƙi har ya yi duhu, sannan a narka shi da miski da turaren ruwa irin na Faransa. Bayan duk wannan wahala ma ba a gama ba, don sabuwar humra hanci take yanka. Sai an toshe ta an ajiye a duhu, a manta da ita, shekaru su yi mata aikin da hannu ba ya iya yi.

Akwai wani ɗan ɗaki ƙarƙashin matakalar benen wanda ƙofarsa ke buɗewa cikin kicin ɗin Azumi. Rana ba ta leƙa shi, ko a tsakiyar zafin Masar bangonsa da sanyi. Nan take jera kwalabenta, kowace a naɗe da baƙin ƙyalle, da zare mai launi a wuya don ta san shekarar da aka haɗa ta. Can ƙuryar ɗakin kuwa, cikin wani tsohon kwando, akwai kwalba guda da ba ta da zare. Inna ce ta haɗa ta da hannunta a shekarar da aka haifi Hanifa. Ta toshe bakin da gefen zaninta, ta like da kakin zuma, ta damƙa wa Azumi ranar tafiya, ta ce, "Ba taki ba ce. Ranar da za a kai yarinyar nan ɗakinta, ki shafe ta da ita, ko ina raye ko ba na raye."

Inna ba ta rayu ba. Azumi ko jana'izarta ba ta samu zuwa ba. Shekara ashirin da uku kwalbar nan tana kwance, an tashi daga gida zuwa gida da ita a ƙirji, an yi kwanakin da tukunya ba ta hau wuta ba, amma ba ta taɓa tunanin sayar da ita ba.

Azumi tana da ƙawaye biyu da ciwon humra ya kama su kamar yadda ya kama ta. Akwai Widad, Bahausar Sudan, wadda ke iya shinshina ɗigo guda ta faɗa maka sandal ɗin ya tsufa ko sabo ne. Akwai kuma Samar, Bamisriya maƙwabciya, mai yi wa wasu Faransawa girki a unguwar Ma'adi. Duk bayan Babbar Sallah sukan zauna buɗe kwalba. Ranar ba a soya albasa a gidan, ba mai shafa turare ta zo. A ɗiga a cikin wuyan hannu, a jira sai shayi ya huce, sannan a shinshina. Tsakanin kwalba da kwalba a miƙa ƙwayar gahawa don hanci ya wartsake. Daga nan sai gardama. Widad ta ce wannan da sauran ƙuruciya, a mai da ita. Samar ta ce ta nuna. Azumi ta ce ku duka hancinku ya toshe, ku bari ta kwana a jiki ku ji. Kowace shekara kuma sai Widad ta kalli ƙofar ɗakin nan ta yi ajiyar zuciya.

"Ummu Hanifa, ko kakin kawai mu shinshina?"

"Ki aurar da ita gobe, ki shinshina jibi," in ji Azumi.

To, ana zaton wuta a maƙera, sai ta tashi a masaƙa. Azumi ta kare kwalbar nan daga zafi, daga ɓeraye, daga kwaɗayin ƙawaye, ashe abin da zai cinye ta yana kwance kan kujerar falonta yana cin tuwonta.

Sharhabilu ƙaninta ne, uwa ɗaya uba ɗaya, autan Inna. Ya zo karatun addini yana dab da shekara arba'in, ya ce zai ɗan sauka wurinta kafin ya sami ɗaki a unguwar Ainu Shams. Ɗakin bai samu ba har gemunsa ya fara furfura. Kada a yi masa ƙarya, ba mugu ba ne, ba ya sata, ba ya zagi, muryarsa a karatu kamar ka yi kuka. Amma irin mutanen nan ne da in sun ji darasi da safe, kafin azahar sai sun nemo wanda za su sauke shi a kansa. Ya gyara wa Azumi alwala, ya gyara mata sallama, ya gyara mata yadda take dariya. Ita kuwa ta yi ta haɗiyewa, tana cewa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

A shekarar da aka sa ranar auren Hanifa da wani saurayi mai suna Abdulbasit, matan suka zauna buɗe kwalba kamar kullum. Ana tsakiyar gardama Samar ta fashe da dariya.

"Wallahi ku da iyayen gidana ba ku da bambanci," in ji ta. "Su ma haka suke yi da giyarsu. Ɗaki mai sanyi, kwalabe a duhu, kowace da shekararta. Su zuba kaɗan, su kaɗa, su sa hanci, su yi ta musu wai wannan ba ta nuna ba."

"A'uzubillahi! Ki wanke bakinki," in ji Azumi, ita ma tana dariya.

Wasa ne, ya wuce. Amma Sharhabilu yana falo da littafi a hannu, kunnensa kuwa yana kicin. Da baƙin suka tafi ya tare ta.

"Yaya, turaren ruwan nan da kike zubawa, akwai sibirto, wato barasa, a ciki?"

"Akwai. Haka Inna take yi, haka uwarta take yi."

"To ai najasa ce. Kuma ga tashabbuhi, kwaikwayon mashaya giya, da kunnena na ji. A gidan nan nake salla, Yaya."

"Malamai nawa ke aiko matansu saye a nan? Je ka yi da su. Ni ka bar ni, ina da biki a gabana."

Ya koma falo ya buɗe littafinsa. Ita ta ɗauka maganar ta mutu. Kaico, da ta san abin da yake dafawa a ransa, da ta sa wa ɗakin kwaɗo.

Ana saura 'yan kwanaki biki, ita da Hanifa suka tafi Ataba sayen labule da kwanuka. Suka dawo da la'asar niƙi-niƙi da kaya. Tun daga bakin lungu Azumi ta tsaya cak. Lungun nan da ba ya rabuwa da warin kwata da hayaƙin tuk-tuk ya cika da ƙamshi. Mai sayar da burodi yana ɗaga hanci, mata sun leƙo ta tagogi suna tambayar ina ake biki. Cikin ƙamshin kuma akwai wani guda da ya fi sauran zurfi, wanda rabonta da jinsa tun tana kwantar da kai a cinyar uwarta. Ta saki kayan a ƙasa ta ruga.

Ta same shi a kicin, ya naɗe hannun riga, ya ɗaure hanci da baki da rawani don kada ya shaƙi haram. Ɗakin ƙarƙashin matakala wayam. Kwandon a kife. Kwalaben ma ya riga ya miƙa wa masu kwasar shara. Yana tsaye gaban wurin wanke-wanke, fuskarsa cike da natsuwar wanda ya sauke farali.

"Alhamdulillahi, Yaya, na tsarkake miki gida. Wanda ya bar abu don Allah..."

"Ta cikin kwando fa?"

"Duka. Ita ma na fasa kakin na zubar."

Hanifa ta dafe bango. Azumi kuwa muryarta har hawa na biyar.

"Kai! Kai ɗin banza! Kai ka daka? Kai ka soya? Ka tambaye ni? Wane littafin ne ya ce ka jira mai gida ta fita sannan ka shiga mata ɗaki kamar ɓarawo? In haram ce, ni za a tambaya, ba kai ba! Tuwon da kake ci shekara da shekaru, daga ina ka zaci yake fitowa? Bai zama najasa a cikinka ba sai yau?"

"Yaya, ki ji tsoron Allah..."

"Shi nake tsoro, shi ya sa ban fasa maka kai da taɓarya ba. Inna ce ta toshe kwalbar nan, Sharhabilu. Da zaninta. Da hannun da ta yi maka tsarki. Khalas! Kwashe littattafanka. Yalla, fita!"

Ya fita yana cewa wata rana za ta gode masa. Ka ji fa! Ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma a wuyan wasu ake ɗaura shi.

Azumi ba ta zauna kuka ba. Ta daka wa Hanifa tsawa kada ta kuskura ta buɗe famfo. Ta durƙusa ƙarƙashin wurin wanke-wanke, ta kwance lanƙwasar bututun da ruwa ke kwanciya a ciki, ta tara kofin shayi. Abin da ya fito bai kai rabin kofi ba, baƙi, da maiƙon miya yana yawo a sama. Tunda ta Inna ya zubar a ƙarshe, ita ce ta fi yawa a ciki.

Widad da Samar suka shigo da gudu. Samar tana kuka tana marin bakinta, tana cewa ita ta jawo. Widad kuwa ta matso wurin kofin. Ta durƙusa a kan jiƙaƙƙen siminti, ta tsoma ɗan yatsa, ta shafa a wuyan hannu, ta jira yadda aka saba jira. Shekara nawa tana roƙon wannan rana, ga yadda ta zo mata. Ta sa hanci, ta rufe ido, ta daɗe.

"Ta nuna, Ummu Hanifa," in ji ta. "Ban taɓa jin irinta ba. Ba zan ƙara ji ba kuma."

Nan ne Azumi ta fashe da kuka, kukan takaici, tana dukan cinya.

Ta tace abin da ya rage da farin ƙyalle har sau uku. Bai isa a shafe amarya ba, kuma ba za ta ɗora ruwan bututu a fatar 'yarta ba. Sai ta ɗiga shi a kan garwashi da gutsuren sandal, ta kifa kwandon, ta lulluɓa lafayar amarya a kai har hayaƙin ya ƙare. Ta naɗe lafayar ta kulle a akwati.

Ranar kai amarya Sharhabilu ya zo. Kawu ne, ba mai hana shi. Ya sha farar jallabiya, ya ci shinkafa ya ƙara, ko kallon inda yayarsa take bai yi ba. Da aka fito da Hanifa lulluɓe, aka ce kawu ya matso ya sa albarka. Ya matso, ya ɗaga hannu, ya fara addu'a da muryar nan tasa mai daɗi. Yau ba rawani a hancinsa. Bai kai tsakiyar addu'ar ba ya tsaya. Ya ja numfashi. Ya sake ja. Ya waiwaya yana dube-dube kamar yaron da ya ɓace a kasuwa.

"Yaya," ya ce a hankali, "wannan ai ƙamshin Inna ne."

Azumi ta dube shi, idanunta a bushe.

"Shi ne. Shaƙa da kyau, Malam. In aka wanke lafayar nan, shi ke nan."

Ta kama hannun 'yarta ta wuce da ita zuwa mota. Shi kuwa ya tsaya a bakin ƙofa da hannuwa a sama, mutane suna jiran su ce amin, ya kasa ƙarasa addu'ar.